Ranar da Baƙuwa ta Kirɓa wa Nna Salamatu Sakwara

Duk wanda yunwar rana ta taɓa kamawa a Tunga ya san rumfar Nna Salamatu. Banufiya ce 'yar Bida, gajeriya, ga dantse kamar na ɗan dako. Shekara ashirin da shida tana kirɓa sakwara da hannunta, kuma ba ta bar kunnen kowa ya huta da labarin ba. In ta ga mace ta sayi garin sakwara na leda, sai ta bi ta da ido ta ce, "Allah ya ba mijinki haƙuri."

Ana haka zuciya ta ce ta gaji. Aka kai ta Abuja, aka tsaga ƙirjin aka yi gyara, aka ɗaure ƙashin da waya. Likita ya ce wata uku kada ta ɗaga abin da ya fi buta nauyi.

A sati na bakwai Hajiya Rekiya, uwar matar ɗanta, ta aiko cewa tana tafe daga Gwada dubiya. Basira, autar Salamatu, ta ce, "Nna, in sayo na leda mana. Wa zai gane?"

"Matar Gwada? Wadda ta buɗi ido a gonar doya? Tun daga zaure za ta gane. Ke kuma hannunki kamar an jiƙa tsumma. Je ki sayo min lemo."

Basira na fita, tsohuwa ta juye dafaffiyar doya a turmi ta ɗauki taɓarya. Ta ɗaga sau ɗaya, lafiya. Sau biyar, har ta fara 'yar waƙa. A na tara wani abu ya damƙe ta daga tsakiyar ƙirji zuwa kafaɗa, numfashi ya ƙi shiga. Ta sulale ta zauna a ƙasa, rungume da turmi.

A haka sallamar Hajiya Rekiya ta same ta.

"Subhanallahi! Hajiya, mutuwa kike nema?"

"Turmin nake gyarawa," in ji Salamatu, gumi na ɗiga daga haɓarta.

Baƙuwar ta kamo ta ta zaunar a kujera, ta dubi doyar ta ce in ta huce ta lalace. Ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu. Suruka guda, ko ruwa ba a ba ta ba, ga ta tana daka a gidan mai sakwarar Tunga, maƙwabta na leƙe ta katanga! Kowane bugu Salamatu a fuska take jin sa.

Basira na dawowa ta sa uwar a Keke Napep sai asibiti. Ƙashi bai motsa ba, naman ƙirji ne ya ji jiki. Likita ya ce, "Mama, me kika ɗaga?"

"Buta."

"Buta mai taɓarya," in ji Basira.

Suka koma gida da magani suka tarar da malmala jere a kula. Salamatu ta gutsura, ta yi ta lalube da harshe ko za ta ci karo da gudaji ko ɗaya, ta samu abin riƙewa. Ina! Sumul, ga danƙo.

"Ta yi, Hajiya?" in ji Rekiya.

Salamatu ta haɗiye da ƙyar, idonta a kwano. "Gishirin miyar ya ɗan yi yawa."

Miyar kuwa ita Salamatun ce ta dafa abarta da safe.