Ƙwan Zabin Inna Habi

Duk Gangara ba wanda bai san Inna Habi mai zabi ba. Surukata ce, uwar mijina Isah, kuma duk mai son ya ji bakina to ya taɓa ta. 'Yar makiyaya ce daga wajen Kurawa, aure ya kawo ta cikin manoma tun tana da ƙuruciya. Ba ta zo da saniya ba, sai ta kama kiwon zabi. Da damina ta sauka su fara zuba ƙwai, ta bi su cikin ciyawa tana tsinta, ran kasuwa ta aika Sabon Birni. Shekara da shekaru ƙwai na fita gidan nan kwando-kwando, ba yaron da ya taɓa ɗanɗana ko guda. Ai mu nan cewa ake, yaro in ya saba da ƙwai ɓarawo za shi zama.

Da ɗiyata Nusaiba ta isa yaye, munka kai ta ɗakin Inna kamar yadda aka saba. Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, kunun gero ne safe da yamma. Kafin gero ya fid da kai yarinya ta canza mini. Gashinta ya yi ja, ƙafafu sun fara kumbura, wasa ma ta daina, sai dai ta zauna ta zuba wa mutum ido. Wallahi tsoro ya kama ni. Munka kai ta asibiti, anka ba mu magani, anka ce sai an haɗa da abinci mai gina jiki: ƙwai, wake, gyaɗa, nono.

Da munka iso gida Inna ko zama ba ta yi ba. Ta jawo kwandon da ta haɗa don kasuwa, ta dafa ƙwai, ta murje shi cikin kunu. Ta daka ƙuli-ƙuli ta tankaɗe. Ta surfe wake ta dafa shi har ya yi luguf, ta aika wajen danginta a kawo kindirmo. Yarinya ta kau da kai, Inna ta bi ta da ludayi tana zolaya: "Ke ƙawata, buɗa baki, ko in cinye abina!"

Ana cikin haka wata rana sai ga Baba Maliki, wan marigayi mijin Inna, babban gidan. Mutum ne mai son a ji shi, ko atishawa za shi yi sai ya duba ko akwai jama'a. Ya ga ɓawon ƙwai a tsakar gida, ya ja ya tsaya.

"Habi, mi nike gani? Ƙwai kike ba yarinya? So kike ki sa muna ɓarauniya cikin zuri'a?"

Ni har na buɗa baki, don raina ya ɓaci, Inna ta ɗaga mini hannu. Ko ajiye ludayin ba ta yi ba.

"Yaya Maliki, ɗiya ukku na yaye cikin gidan ga kafin Isah, kai ka ɗauke su zuwa maƙabarta bayan gari. Duk haka sunka fara, da jan gashi da kumburin ƙafa. Isah ya tsira don rugarmu anka yaye shi, cikin nono. Su ukkun nan ko allura ba su taɓa sata ba. Wagga kam a bari ta rayu. In ta yi satar, a zo a kama ni."

Baba Maliki ya gyara hula, ya sake gyara ta, ya fita. Tun daga ranar bai sake tayar da zancen ba, ni kuwa har yau in na tuna sai sanyi ya ratsa zuciyata.

Sannu a hankali kumburi ya sauka, gashi ya fara baƙi daga tushe. Matan unguwa sunka riƙa leƙowa, wai gaisuwa sunka zo, kowace da ɗanta a goye. Inna ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ƙwai kawai take miƙa musu. Kwandon kasuwa dai bai sake cika ba, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Ran da Nusaiba ta tashi da gudu tana korar zabi, sunka watse suna ihu, na duba na ga Inna zaune bakin ƙofa tana dariya, hawaye na bin kuncinta. Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Kadijatu, lokacin nawa ɗiyan ukku ma ƙwan yana nan fa. Yana nan cikin ɗakina, ina tara wa kasuwa."