Injin Baba da Jirgin Iya

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa kiran sunan babana ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Wurno kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Mu jikoki kuwa bakinta ba ya hutawa a kanmu. Lokacin ɗari, da an ci tuwo, sai ta hura karan dawa a tsakar gida mu kewaye ta, tana tsokanar ƙanena wai miji ne marar cefane, sannan ta buɗe mana tatsuniya.

Shekarun da madatsar Goronyo ta mayar da kowa manomin rani ke nan. Baba yana da fadama guda ta gado, albasa yake sawa, da ita muke ci. Abin da ke ɗaga masa ruwa wani tsohon inji ne da aka ciro daga motar zamanin Turawa aka haɗa da famfo, kansa a shafe kamar faifai. Irinsu da ma zafi gare su, sai da durom na ruwa a gefe yana zagayawa yana sanyaya shi. An taɓa rarake ramukan fistin ɗinsa a baya, wato ramukan da ƙarafan bugun inji ke kai da kawowa a ciki. Da ƙarfinsa ya sake raguwa, Baba ya ƙudura a ƙara rarakewa, a sa manyan fistin, ya ja ruwa fiye da na kowa.

Ina tsintar wake wata la'asar sai ga Malam Garba bakanike, mutumin Rabah, abokin Baba. Ya tsuguna gaban Iya.

"Iya, ki yi mai magana. Ƙarhen da ar raba wuta da ruwa cikin injin ga ya yi siriri. In anka ƙara ci nai, zahi guda za shi yi shi tsage. Na ce a yi mai riga ta ƙarhe daga ciki, a wanke hanyoyin ruwa da laka tat toshe, ya ce jinkiri na, dashe ya matso. Ke ɗai za shi ji."

Iya ta gyara zama a tabarma. Ta ce, "Ni? In ce mai mi? Da wane baki?"

Da maraicen nan Baba yana bayan zana yana wanke ƙarafan injin da kalanzir, muna jin ƙararsu a cikin kwano. Iya ta gyara zama ta fuskanci zanar, abin da ba ta saba ba.

"Ga wata ta iso, ku buɗe kunne," in ji ta, da muryar da ta fi ƙarfin yara huɗun da ke gabanta.

Wai wani masassaƙi ne ya gaji jirgi na itace guda, yana ƙetarar da mutane gulbi. Kowace shekara sai ya sa gizago ya ƙara rarake cikinsa don ya ɗauki mutum ɗaya ƙari. Ya samu wurin mai akuya, ya samu wurin mai tulu. Wata rana itacen ya yi magana. Nan Iya ta ƙanƙance murya: "Masassaƙi, ruwa shina bayana, shina saurarenka. Ni ɗai na tsakaninku." Masassaƙi ya ƙwanƙwasa, ya ji jirgi yana amo mai daɗi, ya ce ai sauƙi ya yi. Ran kasuwa ya cika shi maƙil. Suna tsakiyar gulbi akuya ta buga ƙafa, kofatonta ya huda jirgin. Masassaƙi ya fito gaɓa da iyo, ba jirgi, ba sana'a, sai gizago a hannu.

Ƙanena ya ce, "Iya, ba wanda yah hana shi?"

"Uwatai tana bakin gaɓa tana kallo."

"To mi yas sa ba ta yi magana ba?"

Iya ta ture wani kara cikin wuta ta ce hayaƙi ya shiga mata ido.

Ƙarar ƙarafa ta tsaya a bayan zana. Can sai muka ji dariyar Baba. "Ku hwaɗa ma tsohuwag ga, jirgi daban, inji daban!" Kashegari ya ɗora gangar injin, wato jikinsa mai ramukan, a mota ya kai wa wani bakanike a Sakkwato, tunda Malam Garba ya ƙi.

Injin ya dawo yana ruri, ruwa yana tsalle daga bututu, maƙwabta suna zuwa kallo. Baba har da waƙa. Albasa ta kama, ta fara kai. A lokacin ne wata rana durom ya tafasa, man injin ya koma fari kamar kunu, injin ya yi tari ya mutu. Gangar ta tsage daga ciki, kuma irinta ta daɗe da ƙarewa a duniya. Baba ya kafa jigo na ɗebo ruwa da guga, mu kuma muka yi ta jido da tulu har wuyanmu ya sage. Fadamar ta fi ƙarfin tulu. Muna kallo ganye ya kwanta ya yi ja.

Kafin damina ya sayar da ita ga wani mutumin Marnona. Rani na zagayowa ya koma yin ƙwadago a cikinta, yana tsuguno yana dashe a kunyoyin da ubansa ya ja. Bai sake waƙa ba. Iya kuma ba ta sake ba mu labarin jirgi ba.

Sai da na yi aure na haihu sannan na iya tambayarta. Na ce, "Iya, mi yas sa ba ki hwaɗa mai ba?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Na hwaɗa mai. Kina wurin."

Har yau in aka tuna Iya a Wurno, kunyarta ake yabo, a ce ba a sake yin irinta ba. Ni kuwa raina ɓaci yake yi. Ina sonta, amma ban yafe wannan maraicen ba. Baba mutum ne mai taurin kai, sai dai a garinmu ɗa ba ya tsallake maganar uwa. Tatsuniya ana iya yi mata dariya ta bayan zana. Da ta ɗaga zanar nan ta ce masa "bari", da ya bari, yana gunaguni, da fadamarmu tana nan. Ita ta san haka, shi ma ya sani, shi ya sa ya yi dariyar.