Kifin da Ke Haihuwa a Kan Yashi

A gidanmu na unguwar Concourse Village, a ƙasar waje, babu murhu, amma muna da wuta. Idan sanyi ya kankama, hita kuma ta yi halinta na ƙin aiki, sai Kaka, mahaifiyar Ummanmu, ta kunna gas ta ɗora tukunyar ruwa, ni da ƙanwata Bilki mu baje a ƙasan kicin bayan magariba. Umma tana can Staten Island tana jinyar wata tsohuwa, sai ƙarshen mako muke ganinta.

"Matso nan, maigida marowaci," in ji Kaka. "Ga tatsuniya ta iso, kuma kada wanda ya amsa mini da Turanci."

Da Turancin muke amsawa.

Akwai wata da ba ta gajiya da ita, kuma ba daga Zariya ta zo da ita ba. Ta taɓa ziyartar Kawu Sani a California, ya kai ta bakin teku kamun kifi. Can ta ga wani kifi mai faɗi kamar tafin hannu, mai zama daidai inda igiyar ruwa ke fashewa, yana cin ƙananan ƙaguwa da ruwa ya tono daga yashi. Ba ya ƙwai. Haihuwa yake yi, 'ya'yan su fito da idonsu da wutsiyarsu, sun riga sun iya iyo.

A bakin Kaka, wannan uwar kifi ta baro zurfin teku ne don an ce mata abinci yana gaɓa. Kullum ruwa na jifa da ita, tana haƙuri. Rannan, tana da tsohon ciki, ƙugiya ta kama ta. Da ta ji ta a waje sai ta yi nishi ta zubo 'ya'yan duka a kan yashi. Masuncin ya tsince su ya jefa cikin ruwa, don haka masunta ke yi a can, ita kuma ya sa ta a bokiti.

"To ita uwar fa, Kaka?" Bilki kan tambaya.

"Ke dai ki iya iyo. Ta ƙare, ku tashi."

Haushi nake ji, don tatsuniyar da babu dariya a cikinta ai cuta ce. Ban san Umma ba ta da takardun zama a ƙasar ba. Mu da aka haifa a nan muna da su, Kaka ma Kawu ya yi mata. Ban gama sakandare ba aka tsare Umma, aka mayar da ita ƙasarta.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne mu tsaya da ƙafarmu. To, mun tsaya: ina tuƙa bas, Bilki nas ce. Sai yanzu na gane ba darasi Kaka take koya mana ba. Tsoro take ji, ta rasa bakin faɗa, kuma abin yana cina har gobe. A nan Kaka ta rasu, 'yarta ba ta ga gawarta ba. Lauya ya ce mu daina sa rai da dawowar Umma.

Ranar Juma'a na kira Umma ta bidiyo, na miƙa wa ɗana wayar ya gaishe ta. Ya dube ta, ya dube ni, ya tambaye ni wace ce wannan. Umma ta ji shi sarai. Ta yi 'yar dariya, ta ce layin ba kyau, mu bari sai wani lokaci.