Doña Etelvina da Jarumar Disamba

Doña Etelvina Ocampo ta shekara talatin da ɗaya a bayan tagar sayar da tikiti ta silimar garinmu. Silima ɗaya gare mu, kujeru ɗari biyu da sittin, fanka huɗu, uku na aiki. Shagon askina yana tsallaken titi, don haka duk abin da ya faru a tagar nan a kan idona ya faru.

Gajeruwa ce, mai tabarau ɗaure da igiya, ba ta da yawan surutu. Mijinta ya rasu tun yaranta suna ƙanana, da kujerar tagar nan ta raine su. A takarda aikinta miƙa tikiti ne kawai, amma kowa ya san ita ke zaɓa mana fim. Duk wata idan jerin finafinai ya iso daga Bogotá, Don Libardo mai silimar zai kai mata, ta yi wa wasu alama da biro, ya sa hannu. Abin dariyar, ba ta taɓa kallon fim daga farko har ƙarshe ba. Fuskokin 'yan kallo take dubawa idan suna fitowa.

Shekaru biyu da suka wuce ta zaɓi fim ɗin wata jaruma, irin masu tashi sama su ɗaga mota da hannu ɗaya. Mako uku silimar tana cika. Sai bara Wílmer, surukin Don Libardo, ya dawo daga Medellín da kwamfuta a hammata, aka ba shi tebur a ofis. Yaron kirki ne, sai dai ya yi karatu kuma yana so a sani.

Da jerin Disamba ya zo, akwai wata sabuwar jaruma a ciki, Doña Etelvina ta yi mata alama. Wílmer ya ce sam, lissafin duniya ya nuna fim ɗin mace ba ya kawo mutane, wancan na farko sa'a ce. Don Libardo ba ya son rigima, ga kuma 'yarsa, matar Wílmer, tana matsa masa a gida. Sai ya yanke: a kawo fim ɗin, amma idan ya faɗi, zaɓen fim ya koma hannun Wílmer daga Janairu.

A makon ne 'yar Doña Etelvina ta haihu a Pereira, uwar ta tafi can kwana biyar. Kafin ta dawo Wílmer ya buga fosta: kullum ƙarfe bakwai na yamma, daga sha shida ga wata. Ba mugunta ya yi ba, kwamfutar ce ta ce bakwai ta fi kowane lokaci. Kwamfutar ba ta san cewa daga sha shida har jajibirin Kirsimeti, ƙarfe bakwai kowace mace a garin nan tana nobena ba, addu'ar kwana tara da ake zagayawa gida gida, ana waƙa ana raba ƙosan cuku. Wílmer kuwa ya sani, a nan aka haife shi. Amma shi ci kawai yake zuwa yi, bai taɓa tambayar wa ya soya ba.

Ranar farko mutum sha ɗaya. Ta biyu tara. Ta uku sha huɗu, kuma shida daga cikinsu tsofaffi ne da suka shiga don fanka.

Washegari da safe Don Libardo yana kan kujerata, kumfa har kunne, Wílmer na jiran layi, sai ga Doña Etelvina ta shigo.

"Don Libardo, a ba ni ƙarfe biyu na rana."

"Ƙarfe biyu? Etelvina, wa zai fito? Kowa na barci."

"Maza na barci."

Wílmer ya yi murmushi. "Doña, ki yi haƙuri, lambobi ba sa ƙarya."

"Ɗana, jiya ƙarfe bakwai ina matarka take?"

"Gidan gwaggonta, nobena."

"Mahaifiyarka fa?"

"Ai tare suka..."

"To wa ka bari ya kalli fim ɗin? Ni da fanka?"

Na yi dariya har na kusa yanke kunnen Don Libardo. Ta ci gaba ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce ƙarfe biyu an gama wanke-wanken rana, an kwaɓa ƙullu, ba a ɗora mai sai biyar. Awa uku ke nan da mace ke da su a Disamba. Kuma a bar su su shigo da jakunkunansu, kada mai ƙofa ya tsaya yana leƙe. Don Libardo ya amince.

Ba ta buga fosta ba. Da yamma ta je nobena gidan Doña Marleny mai ɗinki, aka gama addu'a, ta ce tana ɗaukar ƙosai, "Gobe ƙarfe biyu akwai fim, mace ce ke dukan maza." Iyakar tallar ke nan.

Kashegari na rufe shago na shiga, don aikin gulma ma aiki ne. Kujeru sun cika, mu maza ba mu kai goma ba. Wata tana ɓare wake a cinyarta. Da jarumar ta jefa wani ƙato ta bango, sai wata murya daga baya ta ce, "Ƙara masa, 'yata, kamar mijin ƙanwata!" Rana ta biyu ta cika. Ta uku rabi. Ta huɗu mutum talatin.

Wílmer ya samu bakin magana. A bakin taga, ina jin su, ya ce, "Doña, kin gani? Ya sauka."

"Ya sauka," in ji ta. "Fim ɗin ba shi da kyau."

"Ke kika zaɓa fa."

"Ni na zaɓa, na yi kuskure. Jarumar farkon tana da uwa, tana da garin da take karewa, har kuka ta yi. Wannan awa biyu tana duka, ba wanda ya san saboda wa. Marleny ta ce ko ruwa ba ta ga ta sha ba. Amma yanzu mun san ba shi da kyau, don an gan shi. Da a ƙarfe bakwanka ya mutu, da ka rubuta a kwamfuta cewa don mace ce."

Don Libardo ya yi kwana biyu yana tunani, abin da bai saba ba. A kujerata ya faɗa mini hukuncin, ido a rufe: zaɓe yana nan hannun Etelvina. Wílmer zai ci gaba da sa lokaci, amma sai ya fara tambayar matarsa inda za ta kasance.

Fim ɗin ƙarfe biyu bai tsaya da Disamba ba. Yanzu kowace Laraba ana yi, ko da jaruma ko babu. Matata Ofelia ba ta fashi, kuma ranar Laraba ni nake wanke tukwane.