Kunnen Baba Tomezo

Kafin jirgin fito na farko ya taso daga tsallake, Baba Tomezo Kurahashi ya riga ya hau gangaren Shirotani, guduma a kafaɗa, dunƙulen shinkafa biyu a aljihu. A ƙofar shiga yakan tsaya ya barbaɗa gishiri a gindin dutse, yadda mafasa dutse ke yi tun kaka da kakanni, ya ce, "Ga mu mun zo, a yi haƙuri da mu." Har yau "mu" yake cewa, alhali shekara goma sha ɗaya ke nan shi kaɗai yake hawa.

Yaran yanzu gani suke haka Shirotani ya faɗo daga sama, da tafkinsa da itatuwansa da agwagin ruwa. Mu da muka tashi da ƙarar nakiya a kunne mun san mafasar dutse ce, rami fari fat, ko ciyawa ba ta yarda ta fito ba. Su talatin da biyu ne suke aiki a ciki. Da kamfani ya rufe, wasu suka bi 'ya'yansu birni, wasu kuma ƙurar dutse ta cinye musu huhu ɗaya bayan ɗaya. Tomezo ya ƙi tafiya. Shi da matarsa Fusae suka shiga jidar ƙasa a kwando daga gonakin da aka yi watsi da su, suna zubawa a kan tsandaurin dutse, suna dasa itatuwa.

Dariya kam mun yi musu, ba zan ɓoye ba. Mai sayar da kifi a bakin gaɓa yakan daka masa kira, "Tomezo! Shekara talatin kana yi wa dutse aski, yanzu kuma gashi za ka dasa masa?"

"Yo wanda ya aske ai shi ya san inda gashin yake," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

Da wurin ya yi kore, hukuma ta karɓe shi ta mayar da shi wurin shaƙatawa da mafakar tsuntsaye. A lokacin ne shaho biyu suka yi sheƙa a doguwar katangar dutsen da nakiya ta bari. To amma hanyar masu yawo ta gindin katangar ta bi, injiniyoyi suka ce dole a shafe ta da siminti daga sama har ƙasa kada dutse ya faɗo wa wani. In aka shafe kuwa, babu tsagar da shaho zai sa ƙwai.

Baba Tomezo ya je ofishin Madam Nagase, shugabar wurin, da takalmansa na aiki.

"'Yata, dutse ba ya faɗowa sai ya yi magana. Lafiyayye in ka buga sai ya ce ƙal. Wanda ya rabu da uwarsa kuwa ɗif yake cewa. Ku bar ni in riƙa tambayarsa kullum."

"Baba, in ka yi kuskure fa?"

"Ran da na yi, da ƙafata zan kawo miki labari."

A kan haka aka rubuta: muddin akwai mai sauraron katangar kowace safiya, ba za a sa siminti ba. Shi aka ɗauka aikin.

Shekara goma sha tara yana ɗaura igiya a ƙugu, yana bin katangar taku taku, yana bugawa yana kasa kunne. Da, Fusae ke riƙe masa igiyar daga sama. Da ta rasu, sai ya koma ɗaurawa a jikin itacen da ta dasa. Ya ce min wai riƙon bai canza ba, surutun ne kawai babu. Na yi dariya a gabansa, na koma gida raina a jagule.

Kowa a tsibirin nan ya tuna ranar bikin kallon furanni da ya tare hanya da igiya, jirgi ya sauke baƙi cike, suna ta zaginsa wai tsoho ya ruɗe. Kwana biyu tsakani falalen dutse mai girman ƙaramar mota ya rufto daidai inda za su shimfiɗa tabarminsu.

Amma ba don wannan nake jinjina masa ba. A kakar da ta wuce, wata safiya ya tarar da dutse kamar girman tukunya a kan bencin da ke gindin katanga, ya karya katako biyu. Ya ɗaga kai, ya gane gurbinsa. Kwana ɗaya kafin nan ya buga shi, kunnensa ya ce masa ƙal. Babu kowa a wurin. Ga tafki nan taku goma, da ya gangara da shi ciki, sai dai kifi su ba da shaida. Ya kuma san abin da faɗin gaskiya zai jawo wa shahonsa.

A baro ya ɗora dutsen, ya tura shi har ƙofar ofis.

"Ga alkawarinki. Kunne ya tafi."

Madam Nagase ta ce min da ta ga dutsen, sai ta ce, "Baba, da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ɗan wani fa ke zama a bencin nan. Ni shaho nake so, amma ba da kan ɗan mutane ba."

Kai ne, Baba Tomezo, ka fasa dutse da ƙuruciya ka roƙe shi gafara da tsufa. Kai ne ka ba da shaida a kan kanka ranar da babu mai tuhumarka. Mun gode, kuma da kunya muke godiyar, don mun bar ka kai kaɗai a kan igiya muna ɗaukar hoton tsuntsaye.

Yanzu an rufe hanyar gindin katanga. An ba da wa'adi zuwa ƙarshen hunturu, kafin shaho su sa ƙwai: in ba a samu wanda ya koyi sauraro ba, motocin siminti za su hau jirgin fito. Takardar ajiye aikinsa ta fito tun watan jiya, amma kullum da safe yana can a ƙofa da gishirinsa, yana duban masu saukowa daga jirgi. Hannu yana da shi, ya ce, shi zai buga, wani ya saurara, cikin wata uku ya koya masa bambancin ƙal da ɗif.

Jama'ar tsibirin nan, ba tafi yake nema ba. Jiya na ga aljihunsa ya fi kullum kumbura, na tambaye shi. Ashe dunƙulen shinkafa huɗu yake zuwa da su yanzu, ko wani zai zo. Da yamma yakan koma gida da biyu.