Na Je Kebbe Neman Molon Ƙanena

Da ana janye abin da hannu ya aikata, da na janye ranar da na buga molon ƙanena da turmi. Daga yaƙin Bama ya zo da shi. Tsirkiyarsa huɗu, fuskarsa ƙarfe ce mai huji-huji kamar rariya, amonsa kuwa har bayan gari. Ni a lokacin gani nake kiɗa zubar da girman gidanmu ne, sai na lotsa shi, na ba wani makiyayi mai wucewa. Ƙanena bai taɓa ta da maganar ba. Bana idanunsa suka mutu, na riƙa jin sa yana kaɗa yatsu a kan tabarma shi kaɗai. Da wani mai fataucin gishiri ya ce ya ga irin molon a Kebbe, na ɗaura niyya.

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, ni da maƙwabcina, a bayan babbar mota. Gero ya fid da kai dama da hagu, amma damina ta cinye hanya. Da muka kafe a laka muka sauka turi, direba yana ta yi mana faɗa kamar shi ya biya mu. A wani ƙauye muka sha fura da nono na kwabo, mai furar ta dubi furfurata ta ƙara mini ludayi. Daga nan jakuna suka ƙarasa da mu, sun kuma fi motar cika alkawari.

A Kebbe aka kai mu wurin wani dattijon Bafulatani. Bayan ruwa da gaisuwa na faɗi abin da ya kawo mu, sai ya shimfiɗa buzu, ya ajiye molo biyu iri ɗaya.

"To Malam, wanne na naka?"

Kunya ta kama ni, don ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba. Maƙwabcina ya ce a duba rubutun Turawa da ke wuya, ashe duk ya goge. Maɗaurin tsirkiya ma iri ɗaya. Sai na kife su. A cikin na biyun na ga lotsi, ya lanƙwasa daidai bakin turmin gidanmu.

"Wanga na," na ce. "Ni na yi mai wanga rauni."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Ashe kai na! Ai don lotsin ga yaka zuza kamar zuma. Ɗayan bai iyawa. Ba ni saidawa."

Na matsa kusa da shi. Na ba shi labarin ƙanena, ban rage laifina ba. Da na gama, sai ya naɗe molon cikin zane.

"Aro na. In mun biyo da shanu ta wajenku, ina zuwa in ji yadda soja ka kaɗawa."

Allah ya saka masa da alheri.

Da muka dawo na ɗora wa ƙanena shi a cinya. Ya bi shi da hannu har babban yatsansa ya faɗa lotsin.

"Yaya, aikinka na nan," ya ce, yana murmushi. Ya ɗaure tsirkiya, ya kaɗa, yara suka cika zaure.

Tafiyar nan ta nuna mini na san ɓarnar da na yi wa abin ɗan'uwana fiye da yadda na san abin. Ku da kuke karantawa, in naku yana son abin da ba ku so, ku fara zama ku saurara kafin ku kai hannu. Kada ku yi irin nawa.