Faifan da Haliru ya bari a buɗe

Shekara goma sha biyar ke nan da ruwan Rima ya ɗauke Haliru, ɗan goggona kuma abokin wasana. Ni rasuwa nake cewa, kuma haka kowa ke cewa a Wurno, in ban da mahaifiyarsa. Goggo in ka tambaye ta sai ta ce ya yi tafiya wajen Goronyo. Kwalekwalen da ya shiga ne ya kife a tsakiyar damina. An tsamo masu rai, an tsamo gawarwaki, shi kuwa ba a gan shi ba, aka yi masa salla babu gawa. Ya bar jaririya mai suna Saratu, wadda Goggo ta riƙe bayan uwarta ta sake aure, ya bar tsohuwar kwamfuta, ya kuma bar faifan sidi guda mai sunansa a jiki. Wannan faifan ne ya hana gidanmu sakat har bana. Saratu ta girma tana son jin muryar ubanta, Goggo kuma ta hana a taɓa shi, alhali faifan lalacewa yake yi a hankali.

Haliru malamin firamare ne, amma abin da ya cinye masa rai shi ne naɗar muryar tsofaffi. Ranar da ba makaranta zai hau babur da 'yar rakodarsa, ya nufi Rimawa ko Giyawa ko Shinaka, ya zauna gaban masunta da tsofaffin da aka tayar daga garuruwansu lokacin da aka yi madatsar ruwa, su yi ta ba shi labarin inda gidajensu suke a da. Kaset kuwa zafi na cinye shi. Da ya samu kwamfuta ta hannu sai ya ƙudurta mayar da komai kan faifan sidi, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da manhajar da ke rubuta sauti a faifai.

Ni na raka shi Sakkwato zaɓen manhajar, don ranar ina da saƙon asibitinmu na Rabah, inda nake aikin jinya. Da na san abin da zan gani da na kama gabana. Mai shago ya nuna masa wata mai tsada, ya ce ita ke yin komai da kanta, kai dai ka saka faifai ka koma gefe. Aljihun malamin firamare bai kai can ba. Mai shagon ya rage murya ya ce akwai kwafinta na bayan fage, Haliru ya ce ba zai ɗora amanar tsofaffi a kan kayan sata ba. Sai aka fito da wata mai arha, mummuna, mai nawar aiki. Ya tsare mai shago da tambayoyi: za ta hau tsohuwar kwamfuta? Tana aiki ba intanet? In wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, faifan ya tafi ke nan? Na ce masa ko matar da ya aura bai yi wa wannan binciken ba. Ya ce ai ita ba a sayar masa da ita da garanti ba, ni kuma in rufe masa baki tunda ba ni zan biya ba. Mai arhar ya ɗauka, muka dawo yana rungume da ita a cikin mota.

Manhajar tana da wata ɗabi'a da mai tsadar ba ta da ita. Duk lokacin da ta gama rubutu sai ta tsaya ta tambaya: a rufe faifan ko a bar shi a buɗe? Faifan da ke buɗe ana iya ƙara masa magana gobe ko baɗi, amma ba na'urar gida da za ta kunna shi. Wanda aka rufe kuwa yana kunnuwa ko'ina, sai dai ba a ƙara masa ko tari. Haliru ya ware wa kowane tsoho faifansa, ya kuma ga ba dalilin rufewa tunda mai maganar bai gama ba, zai koma wurinsa. Sai in mutum ya rasu ne yake rufe faifan, ya kai wa iyalansa ranar addu'ar bakwai. Tsari ne kawai na mai tattalin faifai, ba wani abu ba.

Mutane ne suka mayar da shi wani abu. Kafin a yi nisa, in aka ce Haliru ya rufe faifan wane, kowa ya san an yi rashi. Wani tsohon masunci daga Rimawa ya sa aka goyo shi a babur har Wurno, ba don komai ba sai ya ga nasa da idonsa. Haliru ya ɗauko ya nuna masa, tsohon ya juya shi a hannu ya ga fuskarsa a ciki, ya ce, "Malam, kak ka ruhe shi, ban gama ba tukuna." Muka yi ta dariya bayan ya tafi. Liman ma ya ja kunnen jama'a cewa wannan camfi ne, rai a hannun Allah yake, Haliru ya ce shi ma abin da yake faɗa musu ke nan.

Dariyar ta tsaya a kan wata tsohuwa 'yar Giyawa, mai magana ba gajiya. Faifanta ya cika taf, manhajar kuma da ta ga ba sauran wuri sai ta rufe shi da kanta, ba ta tambayi kowa ba. A makon ne aka aiko cewa tsohuwar ta cika. Ni na san ciwonta, hawan jini ne da ya daɗe, ni na sha auna ta, kuma na faɗa wa Haliru haka da babbar murya. Ya ce ya sani. Amma tun daga ranar bai sake barin faifai ya kusa cika ba, kuma na lura in zai amsa tambayar manhajar sai ya janye hannunsa daga linzamin kwamfuta, ya karanta ta a hankali, sannan ya danna. Ban sake tsokanarsa a kan wannan ba, don ni ma abin ya tsaya mini a rai.

Bayan ruwa ya tafi da shi, muna kwashe ɗakinsa muka ga faifan mai sunansa a cikin na masu rai. Aka saka a na'ura, ta ƙi karantawa. A buɗe yake. Goggo ta karɓe shi, ta naɗe a tsumma ta jefa cikin kwallar da take ajiye turarenta. Kwamfutar kuma ba ta yi shekara ba wuta ta ƙona ta, manhajar ta bi ta. Duk wanda ya kawo maganar a kai faifan a rufe don a ji abin da ke ciki, Goggo sai ta tashi ta ba shi wuri. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na turo mata malamai. Ba ta taɓa musu da kowa ba. Ta yi zaman makoki, ta karɓi gaisuwa, tana azumi tana salla, amma a ƙasan ranta ɗanta bai gama magana ba, kuma ba da yawunta za a rufe masa baki ba.

Nakan yi tunanin abin da Haliru zai ce da ya leƙo yau. Ba mai sayen faifai yanzu, kwamfutocin ma ba su da bakin saka shi. Kowace tsohuwa tana aika saƙon murya a waya, jikoki su share in wuri ya cika. Na ji har akwai manhajar da ake ba ta 'yar muryar mamaci ta riƙa faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, kuma na tabbata da ya ji wannan da ya yi kwana uku bai ci tuwo ba. Wasu garuruwan da yake zuwa hankali kwance, yau sai ka yi tambaya kafin ka kama hanya, wasu iyalan da ya kai wa faifai 'yan bindiga sun tarwatsa su. Bara ina wucewa ta gonakin shinkafa na ga an rataye tsofaffin faifai a igiya don korar tsuntsayen jan baki, suna juyawa suna ƙyalli. Na tsaya na kama ɗaya. Rubutun Haliru ne a jiki, sunan wani mamaci da na sani. Ban ga laifin mai gonar ba, bai da abin kunna shi, tsuntsaye kuma na cinye masa abinci. Amma na tsaya a wurin ina kallon mutanen nan suna lilo a iska ba mai jin su.

Wannan ne ya sa na koma wa Goggo da zafina. Na sa ta buɗe kwallar, na nuna mata yadda gefen faifan ya fara yin ruwan ƙasa. Na ce mata zafi ne ke cinsa, in ya kai ciki ba mai sake jin komai, ko ita ko Saratu. Na kuma faɗa mata abin da na ɓoye tun da na duba ta, cewa kunnenta na hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya. Saratu na tsaye a bakin ƙofa, budurwa ce yanzu tana sakandare. Goggo ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta miƙo mini tsumman ta ce, "Ke Luba, kai shi. Amma kak ki hwaɗa mini ranar da anka ruhe shi."

Samun mai yi ma aiki ne. Sai a Sakkwato na samu wani mai gyara da ya tono tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin tebur, ya sauke wata manhaja ta kyauta. Ya gargaɗe ni cewa tsohon faifai na iya mutuwa a wurin rufewa, in ya mutu kar in kama shi. Da tambayar ta fito a allo ya juyo ya dube ni. Ni da na shekara ina kiran abin nan camfi, sai da na yi bisimilla kafin na ɗaga masa kai.

Mun kunna shi da hantsi a tsakar gida, ni da Goggo da Saratu, na kai na'urar kusa da kunnen Goggo na dama. Aka ji ƙugi, aka ji zakara daga nesa, sai muryarsa, sabuwa kamar yanzu ya fita. Ya yi sallama ya ce, "Inna, mi sunanki?" Sai shiru. Can ya ce, "Wane gari anka haihe ki?" Sai wani shirun. Nan na gane. Tsofaffin matan da ke cikin gida ba ya iya shiga wurinsu, don haka ya naɗi tambayoyinsa ya bar gibi a tsakani, ana shiga da su a kunna, tsohuwa ta amsa. Su ne ya ajiye a faifan, ya sa sunansa tunda muryarsa ce. Ba wasiyya, ba saƙo ga kowa. Na ji takaici ya kama ni saboda Saratu, na juya in ba ta haƙuri, sai na ga ta durƙusa gaban na'urar tana amsa masa a hankali, sunanta, garinta, sunan ubanta.

Na daɗe ina auna abin da ya saura na Haliru. Faifansa da yawa sun watse, manhajar da ya sha wahalar zaɓa ba a ma san sunanta yanzu, kabari kuma ba shi da shi. Ban taɓa zaton abin da zai saura shi ne iya tambayarsa da iya jiransa ba, yadda yake barin shiru mai tsawo don ya san tsohuwa ba ta amsa da gaggawa.

Muryar ta ci gaba. "Inna, ɗiya nawa kinka haihwa? Nawa ka raye?"

Wannan tambayar ba ta Saratu ba ce. Na kai hannu zan kashe na'urar, Goggo ta riƙe mini wuyan hannu. Huɗu ta haifa, kuma shekara goma sha biyar duk wanda ya tambaye ta huɗu take cewa suna nan. Ta gyara mayafinta, ta matso da bakinta kusa da na'urar.

"Huɗu nih haihwa," in ji ta. "Ukku ka raye."

Shirun ya ɗan ƙara ja. Haliru ya san ba tsohuwar da za a yi wa wannan tambayar ba ta binne ɗa ba, don haka tun a lokacin ya naɗi abin da ke biyo baya. Muka ji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah shi jiƙan wanda yar riga mu. Allah shi ba ki haƙuri, Inna."

Goggo ce ta fara cewa amin.